Sai Bango Ya Tsage: Itatuwa da Ƙwari daga Gidan Runji zuwa Gazawa

Babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa jahar Maraɗi daga yamma zuwa gabas. Wanda ya shiga mota a Gidan Runji zai bi ta Tsibiri, ya gifta bakin Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye, kana ya sauka Gazawa. Dama da hagu gonaki ne na hatsi da dawa da wake da gujiya. Cikin gonakin kuwa ga itatuwa tsaye: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, taramniya, ɗanya. Cikin garuruwa ga bedi, wanda waɗansu ke ce wa dogon yaro, ya yi wa kasuwa da masallaci inuwa.

Ba haka ƙasar take ba bayan farin 1973 da na 1984. A lokacin mutum na iya tsayawa bakin gona ya hangi wani gari, babu icce ko ɗaya da zai tare masa ido. Iska na kwashe ƙasa, rairayi na rufe shuka, manomi ya yi biri biyu ko uku kafin hatsi ya tsaya. Mata na yin doguwar tafiya neman icen girki, har a koma ga kara da kashin shanu. Yau itatuwa sun komo, kuma hannun manoma ne ya komo da su.

Amma wanda ya duba da kyau zai ga ba duka ne ke da lafiya ba. Nan gawo ya fara bushewa daga sama. Can bedi ya zubar da ganye, sai ɗan tuntu a ƙarshen reshe. A gindin wani icce ga gari kamar dusa, alamar wani abu na huda shi daga ciki. In an tambayi mai gona, sai ya ce ƙwaro ne. Gaskiya ne, akwai ƙwaro. To amma itatuwa biyu na tsaye cikin gona guda, ƙwaro ya ci ɗaya ya bar ɗaya. Me ya sa? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

YADDA ICCE KE KARE KANSA

Icce ba ya gudu, ba ya duka, amma yana da makamai. Na farko shi ne ɓawo, wanda ya zama masa riga. Na biyu shi ne ƙaro. Kowa ya ga yadda dakwara ko bagaruwa ke fid da ƙaro inda aka ji mata ciwo. Ƙaron nan yana rufe rauni, yana maƙale ƙwaron da ya zo shiga. Na uku shi ne ɗaci da bauri, kamar na bedi da maɗaci, waɗanda ke hana tsutsa jin daɗin ci.

Duk makaman nan da ruwa da abinci ake yin su. Saiwa ke jawo ruwa daga ƙasa. Ganye ke dafa abinci da hasken rana. Abincin yana sauka ta wata ƴar laushin fata da ke ƙarƙashin ɓawo, ya isa ga saiwa. In saiwa ta rasa ruwa, ko ganye ya lalace, ko an ɓare ɓawo, icce ba ya samun abin da zai yi ƙaro. Daga nan ƙofa ta buɗe.

LABARI DAGA ƘASASHEN SANYI

Kafin a kama hanya, ga wani labari daga nesa wanda zai taimaka a gane abin da ke gida. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani icce da Faransawa ke ce wa pin. Dogo ne, miƙaƙƙe, ganyensa sirara kamar allura, kuma ba ya tuɓe ganye ko da sanyi. Da shi suke yin katako da takarda. Yana da ƙaro mai yawa, mai danƙo da ƙanshi.

Babban abokin gabansa wani ɗan ƙwaro ne da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Yana huda ɓawo, ya yi ƙwai a ƙarƙashi. Tsutsotsinsa su cinye laushin fatar nan da abinci ke bi, icce ya mutu a tsaye. In icen na da lafiya, ƙaro ke kwararowa ya nutsar da ƙwaron tun daga bakin rami. In ba shi da lafiya, ƙwaron ya shiga, ya saki wani wari da ke kiran ƴan'uwansa, su zo dubbai.

Kusa da birnin Los Anjalas na Amurka akwai duwatsun San Barnadino, cike da wannan icce. Tun wajen shekarun 1950 ganyensa ya fara yin rawaya yana zuba. Masana suka gano hayaƙin motocin birni ne iska ke kai wa duwatsun. A shekarun 1960 suka ƙara gano cewa itatuwan da hayaƙi ya fi raunana su ne ƙwaron ɓawo ya fi kashewa, domin ƙaronsu ya ragu.

A Turai ma an ga haka, a duwatsun da ke kan iyakar Jamus da Cek da Folan. Masana'antu na ƙona gawayin ƙasa mai yawan farar wuta. Hayaƙin ya gauraya da hazo da ruwan sama, ya ƙona ganye, ya ɓata ƙasa. A shekarun 1970 da 1980 dazuzzuka masu faɗi na wani ɗan'uwan pin suka bushe, ƙwari suka ƙarasa abin da ya rage. A 1979 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniya a Janeba don rage hayaƙin da ke ƙetare iyaka. Bayan 1990 aka sa wa masana'antun matatar hayaƙi, daji ya fara komowa. Sai ga fari mai tsanani a 2018. Itatuwa suka ji ƙishirwa, ƙwaron ɓawo ya sake tashi, ya kashe miliyoyinsu a Jamus da Cek. Ashe hayaƙi da ƙishirwa aiki guda suke yi wa icce: su ne ke tsaga bango.

A jahar Maraɗi babu pin, babu manyan masana'antu irin waɗancan. Amma akwai ƙishirwa, akwai gatari, akwai wuta, akwai guba. Kowane gari da ke kan hanyar nan yana da nasa darasi.

GIDAN RUNJI DA GULBI

Gidan Runji na kamar kilomita 50 yamma da Maraɗi, kusa da Gulbin Maraɗi. Gulbin daga ƙasar Katsina ya fito, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, ya zagaya ya koma Nijeriya. Da, in ya yi ambaliya, ruwa na kwanciya cikin fadama, ya bar laka, ya cika ruwan ƙarƙashin ƙasa. Manyan itatuwan fadama, su tsamiya da kanya da gawo, da wannan ruwan suka girma. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990, ruwan da ke saukowa ya ragu. Rijiyoyin lambu kuma sun yawaita, kowa na jan ruwa da inji. Tsohon icce ba ya iya bin ruwa ƙasa da sauri kamar yadda mai rijiya ke ƙara mata zurfi. Shi ya sa yake fara bushewa daga sama. Reshen da ya bushe shi ne masaukin gara da tsutsa mai huda.

Kudu da gulbi akwai dajin Babban Rafi, wanda ya daɗe yana ba Maraɗi icen girki. A irin wannan daji ake ganin aikin masu neman sassaƙe. Mai magani ya zo ya ɓare maɗaci ko ƙirya, wani ya biyo baya ya ƙara, har ɓarar ta zagaye gindin. Icen da aka yi wa haka an yanke masa hanyar abinci. Ko ƙwaro bai zo ba zai mutu. Mai hankali yana ɗiban ɗan sassaƙe ta gefe guda, tsaye ba zagaye ba, ya shafa laka a wurin, ya bar icen ya warke.

A nan ya kamata a yi wa gara adalci. Mafi yawan abincinta matacce ne: busasshen reshe, kara, kashin dabbobi. Wanda ya yi tassa a faƙo ya san amfaninta. Ita ke huda ƙasa mai tauri, ruwa ya sami hanyar shiga. In an ga gara ta hau icce babba, sau da yawa wani abu ya riga ta isa. Dashe ƙarami ne take kashewa, musamman wanda aka bari da ƙishirwa.

TSIBIRI DA ZOGALA

Daga Gidan Runji sai Tsibiri, garin Sarkin Gobir. Lambunan gulbi, daga Jiratawa har nan, sun yi suna da zogala. Icce ne mai albarka. Ana yankan ganyensa a kai kasuwa ɗanye ko busasshe, mata na yin kwaɗo su sayar, gida na samun cefane har cikin rani.

Zogala na da tata tsutsa. Ƴar ƙarama ce, wani ɗan malam-buɗe-littafi na dare ke haifarta. Tana saƙa zare kamar na gizo-gizo, ta haɗa ganye, ta zauna ciki tana ci. In ta yi yawa sai ta bar lambu tsirara. Mai lambu ya ga dukiyarsa na tafiya, sai ya nufi kasuwa ya sayo magani. Sau da yawa maganin ba shi da takardar izini, rubutun jikinsa ba wanda ya iya karantawa, mai sayarwa ma bai san awonsa ba. Waɗansu har piya-piya suke zubawa. A fesa yau, bayan kwana kaɗan tsutsa ta komo, a ƙara awo.

Me ya sa take komowa? Domin maganin ba tsutsa kaɗai ya kashe ba. Ya kashe gizo-gizo, ya kashe zanzaro, ya kashe ƙananan rina da ke cin tsutsa. Tsutsa kuwa tana ɓoye cikin saƙarta, waɗansu su tsira. Masu tsira su hayayyafa, babu mai tare su. Yau da gobe jikokinsu su saba da maganin. Mai lambu ya kashe masu gadinsa da kuɗinsa.

Ga kuma wani haɗari da ya fi wannan. Ganyen da aka fesa wa guba shi ne za a yanka a kai kasuwa. In ba a jira kwanakin da aka ƙayyade ba, gubar na shiga tukunya, ta shiga cikin yara. Abin da ya zuba ƙasa yana bin ruwa zuwa rijiya da gulbi, inda dabbobi ke sha. Wannan ita ce ƙazantar da ke damun itatuwan ƙasar nan. Tasu ta Turai daga bututun masana'anta take fita, ta nan kuwa daga bakin famfon feshi.

MARAƊI DA CIWON BEDI

Matafiyi ya iso Maraɗi, birnin da bedi ya yi wa rumfa. Asalin bedi daga ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta. A zamanin Turawan mulki aka kawo shi Afirka ta Yamma. Ya karɓi ƙasar, har yara na tsammanin ɗan gida ne. Tun 1975 ake dashen itatuwa ranar 3 ga Agusta, kuma bedi na cikin waɗanda aka fi dasawa. A nan Maraɗi ne aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada cikin watan Mayu na 1984.

Mutane da dama na cewa ƙwaro ba ya taɓa bedi saboda ɗacinsa. Tarihi ya nuna ba haka ba ne. A tsakiyar shekarun 1980, bayan babban fari, wani ɗan ƙwaro mai launin rawaya ya faɗa wa bedi a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Cadi, har da gabashin Nijar. Ba ya tashi, ba ya tafiya in ya girma. Yana manne wa ganye da reshe ƙarƙashin ɗan ƙoƙonsa, yana tsotse ruwan icce. Ganye ya bushe kamar wuta ta lashe shi. Itatuwan da fari ya riga ya wahalar su ne suka fi jin jiki.

A ƙarshen 1990 kuma aka ga wani ciwon bedi a Nijar. Tsofaffin ganyaye na zuba, reshe ya zama dogo tsirara, da ɗan tuntun ganye a baki, kamar wuyan raƙumin dawa. Hankali ya tashi, domin bedi ne ke tare iska a wurare da yawa, har da fadamar Magiya ta jahar Tawa. Masana suka zo daga ƙasashen waje suka haɗu da na gida. Suka tona saiwa, suka duba ganye da ɓawo, suna neman ƙwaro ko ƙwayar cuta. Ba su sami wani abu guda da za a ɗora wa laifin ba. Abin da suka fi nunawa shi ne wahalar wuri: ƙarancin danshi, ƙasa da ta daskare saboda takawa, da itatuwa da aka dasa kusa da juna suna ƙwacen ruwa.

Wanda ya zagaya tasha da kasuwa yau zai ga irin wannan wahala da idonsa. Ƙasar gindin bedi ta yi tauri kamar daɓe, ruwan sama na gudu ba ya shiga. Mai gyaran mota na zubar da baƙin mai a gindi. Mai shara na tara leda da tsofaffin batura a wurin, ya cinna wuta, harshen wuta ya dafa ɓawo. Leda da ta nutse cikin ƙasa na hana ruwa sauka, kuma ita ce ke kashe awaki da shanu in sun haɗiye ta. An yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa a 2014, amma har yanzu tana rataye a kan ƙaya. Ana shan inuwar icce, ana cutar da saiwarsa.

CADAWA DA GONAKIN AYA

Gabas da Maraɗi, daga Cadawa zuwa Agye da Gazawa, ƙasar aya ce. Aya na kawo kuɗi, ana lodinta zuwa Nijeriya. Amma girbinta na da nauyi a kan ƙasa. Ana sa wa gona wuta a ƙone ganye, a tone ƙasa, a tankaɗe. Bayan girbi gona ta zama gari, iskar hunturu ta yi ta ɗiba. Wutar na kashe ƙananan itatuwa, tana ƙona gindin manya. Wurin da ya ƙone ba ya fid da ƙaro. Nan tsutsa mai huda ke shiga, gara ta biyo ta. Bayan shekara biyu ko uku iska ta kayar da icen, mai gona ya ce ƙwaro ne.

Manomin aya mai lura yana share gindin kowane icce kafin ya sa wuta, taki uku ko huɗu ko'ina. Yana sa wutar da sanyin safiya ko da maraice, lokacin da iska ta kwanta. Wannan ɗan aikin ya fi sauƙi a kan rainon sabon gawo shekara goma.

AGYE DA SASSABIN ZAMANI

Agye na kamar kilomita 80 gabas da Maraɗi. Cikin gundumarta akwai gandun dajin Ɗan Kada Dodo da na Ɗan Gado, waɗanda aka keɓe tun zamanin Turawa. Sara da yawan kiwo sun rage su, garmani ya mamaye wurare da dama inda ciyawa mai kyau take da. Abin mamaki, yau a wurare da yawa gonakin talakawa sun fi gandun daji itatuwa.

Dalilin shi ne sassabin zamani. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara ba matattu ba ne. Saiwarsu na nan da rai, mai zurfi. In manomi ya zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama icce. Bayan yunwar 1984 dabarar ta yaɗu daga gona zuwa gona. Masana sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, musamman jahohin Maraɗi da Damagaram, an raya fili kamar hekta miliyan 5 da itatuwa kamar miliyan 200. A garin Ɗan Saga, arewa da Agye, jama'a sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki, domin kada wani ya raina wani ya sare da dare.

Icen sassabin zamani ya fi dashe jure ƙwaro da fari. Saiwarsa tsohuwa ce, ta riga ta san inda ruwa yake. Kuma ba iri guda ba ne. Gona guda na da kalgo da sabara da gawo da magarya. Ƙwaron da ke son wannan ba ya son wancan, don haka ba ya samun doguwar tabarma da zai bi. Dazuzzukan Turai da ƙwaro ya cinye, da yawansu iri guda aka dasa, sa'o'in juna, layi bayan layi.

Itatuwan nan kuma gida ne ga abokan manomi. Tsuntsaye irin su cilakowa na cin fara da tsutsa. Ƙadangare da hawainiya na farauta a reshe. Zanzaro na ɗaukar tsutsa ya kai ɗakinsa na laka don ƴaƴansa. Manoman yankin sun ga ƙarfin irin waɗannan abokai wajen yaƙi da murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Masu binciken noma na INRAN a Maraɗi sun raini wata ƴar rina wadda ba ta kai ƙuda girma ba. Tana harbin murzuna, ta yi ƙwai a jikinta, ƴaƴanta su cinye ta. Tun wajen 2006 ake kai ta ƙauyuka cikin ƙananan buhunan algarara, a rataya kusa da gonaki lokacin da hatsi ke fid da kai. Ba ta harbin mutum, ba ta ɓata ƙasa. Amma feshin guba guda na iya gamawa da ita.

GAZAWA DA GAWO

Ƙarshen tafiya Gazawa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Ta nan Gulbin Kaba ya ratsa, busasshen kwari mai goruba. Daga kabarsa mata ke saƙa tabarma da faifai, maza na tukar igiya. Inda aka yi ta yankan kaba ba hutu, ba a barin ko ɗaya ta miƙe ta zama goruba, tsofaffin na ƙarewa babu magada.

Sarkin itatuwan gona a nan shi ne gawo. Halinsa dabam ne. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa. Da rani yake yin kore, ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa lokacin da ciyawa ta ƙare. Kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili. Doka ta hana sare shi ba da izini ba.

Gawo na da ƙwaron da ke shiga ƴaƴansa, ɗan'uwan wanda ke huda wake cikin rumbu. In ƴaƴan sun daɗe a ƙasa, sai ya cinye ƙwayar iri. A nan dabba ke taimako. Saniya ko akuya ta ci ƴaƴan gawo, ƙwayar da ba ta fashe ba ta fita cikin kashi, ɓawonta ya yi laushi, ta faɗi nesa da uwarta tare da takinta. Gawo da yawa da manomi ke taƙama da su garken makiyayi ne ya shuka su. Haka kuma inuwar da makiyayi ke hutawa manomi ne ya raine ta.

Inda ake samun ɓarna shi ne wajen sassaka. Cikin bazara, in yunwa ta kama dabbobi, wani na hawa gawo ya sare rassa duka, ya bar shi kamar turke. Gawo da rani yake tara abincinsa, domin lokacin ne yake da ganye. In an aske shi kowace shekara, bai tara komai ba. Ga kuma sara da dakusasshen gatari, wanda ke tsaga reshe, ya bar rami da ruwa ke kwanciya. Ramin ya ruɓe, tsutsa ta shiga. Gara a ɗebi kaɗan daga ƙananan rassa, da kaifin makami, a bar kan icen, a ba shi hutu kafin a sake. Kuma a nemi yardar mai gona tukuna. Magana kafin sara ta fi shari'a bayan sara.

Akwai ƙwarin da ba su tambayar lafiyar icce. Farar ɗango, irin wadda ta sauka ƙasar nan a 1988 da 2004, tana cin mai lafiya da marar lafiya. Amma ko a nan akwai bambanci. Icce mai ƙarfi yana sake tofo bayan ta wuce, raunanne kuwa daga nan sai murhu. In an ga fara mai yawa, a gaggauta sanar da malaman gona. Farar da aka yi wa feshi kuma kada a kama ta don ci ko sayarwa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Manomi ko makiyayi da ya ga icce na ciwo, kada ya fara da sayen magani. Ya zagaya icen tukuna. Ya duba ko an ɓare shi, ko wuta ta taɓa shi, ko ƙasar gindinsa ta daskare, ko ana zubar da wani abu a wurin. Ya sassauta ƙasar, ya yi mata ɗan gurbi mai kamar rabin wata don tare ruwan sama, ya zuba taki da kara. Ya datse busassun rassa da kaifin makami, ya kai su murhu da wuri, kada tsutsar ciki ta fita ta koma wani icen.

Mai lambun zogala yana da magani a ƙofar gidansa. A tara ƴaƴan bedi da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa, a daka. A jiƙa rabin kilo na garin cikin lita 10 na ruwa, ya kwana. A tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da maraice, domin zafin rana na kashe ƙarfinsa. A maimaita bayan mako guda. Ba ya kashe tsutsa nan take. Yana hana ta ci da girma, kuma cutarsa ga abokan manomi kaɗan ce in an gwada da maganin kasuwa.

In dole sai an yi amfani da maganin zamani, a tambayi malamin gona. A sayi mai takardar izini, a bi awo, a rufe hanci da jiki, a jira kwanakin da aka faɗa kafin a yanki ganye. Kada a wanke famfo a bakin rijiya. Kada a zuba ruwan sha ko nono cikin bidon magani, ko an wanke shi sau goma. In ciwo ya kama itatuwa da yawa a gari guda, maigari ya sanar da ma'aikatan gandun daji na Gidan Runji ko Agye ko Gazawa, a kai musu reshe da ganye su gani.

Masu zuwa makarantar yaƙi da jahilci su karanta wa waɗanda ba su iya ba. A tattauna maganar a dandali da bakin rijiya da ruga, tun kafin lokacin sassabe ya zo. Itatuwan da iyaye suka komo da su bayan 1984 amana ce a hannun ƴaƴa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da manoma da makiyaya lafiya.